Me ya sa keken ɗinki ke tsallake a kan batik, kuma yaya ake gyara shi?

Yau zancenmu na teloli ne da mata masu ɗinki a cikin gida, musamman masu haɗa bargo, zanen gado mai kauri, shimfiɗar jarirai da jakunkuna da yadin batik. Da sanyi ya kawo kai, ko aka shiga hidimar kayan ɗakin amarya, irin wannan aiki yakan yi kasuwa. Sai dai kuka ɗaya ake yi daga Maraɗi har Damagaram: keken da ke tafiya lafiya lau a kan atamfa, da an sa masa batik mai hawa uku sai ya shiga tsallake ɗinki, zare na tsinkewa, ƙasan aikin ya cukurkuɗe kamar sheƙar tsuntsu.

Abin ba na wasa ba ne. Batik ba ya ɓoye ramin allura. In aka yi ɗinki ya ɓaci aka warware, sawun yana nan a jere, mai kaya kuma zai gani. Tela ya yi asarar wuni, wani lokacin ya biya yadin mutane daga aljihunsa, ga sunansa da ya taɓu a unguwa. Shi ya sa muka ga ya dace mu bi matsalar daki-daki, daga abu mai sauƙi zuwa mai wuya, don kada a kwashi keke a kai wa makaniki alhali allura ce kawai ta dakushe.

Batik ɗin kansa, me ya bambanta shi?

Batik yadi ne da ake zana wa ado da narkakken kaki, na zuma ko irin na kyandir, sannan a tsoma shi a rini. Inda kakin ya rufe, rini ba ya shiga. In ana son launi uku ko huɗu, sai a maimaita: a sa kaki, a rina, a busar, a sake. Daga ƙarshe a dafa yadin a ruwan zafi don kakin ya fita. Tsibirin Jaba na ƙasar Indunusiya ne ya fi shahara da wannan sana'a, har hukumar UNESCO ta sa batik na Indunusiya cikin jerin al'adun gado na duniya a shekarar 2009. Atamfar da muke ɗaurawa ma jikar batik ce: Turawan Holan ne suka kwaikwayi aikin da inji, daga baya kasuwarsa ta buɗe a Afirka ta Yamma. A nan yankinmu kuma marina da ƙungiyoyin mata suna yin nasu na hannu.

To, wannan hanya da ake bi wajen yin sa ita ce tushen wahalar tela. Na farko, ana zaɓen yadi mai matsattsiyar saƙa don zanen kakin ya fito tsaf. Na biyu, jiƙawa da dafawa sau da yawa suna sa yadin ya tsuke, zaren saƙar ya ƙara matsewa. Na uku, sau da yawa akan sami ragowar kaki da rini a jikinsa. Ke nan allura tana fama da yadi mai tauri, mai ɗan danƙo, wanda ba ya buɗa mata hanya. Shadda mai sitaci da ƙaro wadda aka buga ta yi ƙyalli ita ma haka take yi wa keke, don haka mafi yawan abin da za mu faɗa ya shafe ta.

Ɗinki mai hawa uku kuwa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Lifidin da ake sa wa dawakin fada ran hawan Sallah haka aka yi shi: yadi sama, auduga a tsakiya, yadi ƙasa, a bi da ɗinki don cikin ya zauna wuri ɗaya. Bambancin kawai, na da da hannu ake yi, yanzu kuma keke muke so ya yi mana.

Yadda keke ke ƙulla ɗinki

In mutum ya gane wannan, ya gane rabin gyaran. Allura tana sauka da zaren sama ta huda yadi har ƙasa. Da ta fara komowa, kimanin milimita 2 kacal, sai zaren ya ɗan saki ya yi ƴar madauki a bayan allurar. A daidai wannan lokaci wata ƙugiya mai tsini da ke ƙarƙashin keken take zuwa ta cafke madaukin, ta zagaya da shi ta bayan kwarkwaro, wato abin da ake naɗe zaren ƙasa a kai, wanda waɗanda suka koyi aiki da Faransanci ke kira kanet. Zaren sama da na ƙasa su sarƙe, ɗinki ɗaya ya ƙullu.

Duk abin da ya hana madaukin nan fita da kyau, ƙugiya za ta wuce hannu banza, shi ne tsallaken da muke gani. A kan batik abu biyu ne suka fi jawo haka. Ko dai yadin ya kama allura ya ɗago tare da ita lokacin da take komowa, ko kuma kaki ya manne zaren a jikin allurar ya hana shi saki.

A fara da allura

Kafin a taɓa komai a jikin keke, a canza allura. Ita ce mafi araha, kuma ita ce ta fi yawan laifi. Batik yana cin bakin allura da sauri fiye da atamfa. Masu ƙera allura suna ba da shawarar a canza ta bayan kimanin awa 8 na ɗinki, amma a kan batik mai hawa uku kada a jira sai ta kai haka. In kun ji keke na wani ƙara "tas, tas" duk sanda allura ta shiga yadi, to ta dakushe, dukan yadin take yi, ba huda ba.

Sai irin allurar. Akwai mai dunƙulallen baki da aka yi don yadi mai talewa irin na rigar ƙwallo. Wannan ba ta batik ba ce sam. Abin da ake so shi ne mai siririn tsini sosai. A jikin fakiti za ku ga an rubuta Microtex ko Sharp. Akwai kuma wadda aka rubuta wa Topstitch, mai dogon ido da zurfin kwari a jikinta, inda zare ke kwanciya ya tsira daga gogar yadi. In zare na yawan sassaɓewa yana tsinkewa, ita ce magani.

Lambar da ke jikin fakiti kuma ga ma'anarta: 70/10, 80/12, 90/14, 100/16. Lambar farko kaurin allurar ne. 80 na nufin kashi 80 cikin 100 na milimita ɗaya. Ta biyu ita ce teloli suka fi kira, lamba 12, lamba 14, lamba 16. Don haɗa ƙyalle da ƙyalle, hawa biyu kawai, lamba 10 ko 12 ta isa. Don bin hawa uku, a fara da 12, in zare na wahala a koma 14. Teloli da yawa sun saba da 16 ko 18 don ba ta saurin karyewa, amma a kan batik manyan ramuka take bari, kuma ta cikin ramin ne zaren ƙasa ke leƙowa sama.

Ga wata dabara ta gane ko allura ta dace da zare: ku yanko zare kamar kamu ɗaya, ku zura shi a idon allurar tun ba a ɗaura ta ba, ku riƙe bakin zaren biyu ku karkata. In allurar ta zame da kanta ta gangara, sun dace. In ta maƙale, idon ya yi wa zaren kaɗan.

Wajen ɗaurawa, a tura ta sama har ta tsaya, sannan a ɗaure da kyau. Allura tana da dogon kwari a gefe ɗaya. Ta wannan gefen ne zare ke shiga ido. In aka juya ta baibai, ko sabuwa ce fil, keke zai yi ta tsallake.

Ƴan uwa da ke waje, a nan kuna da rawar takawa. Masu zama Kano, Kwatano, Lome, Akra, Abijan ko Faransa, in za ku aiko wa ƙanwa ko mahaifiya da allurai, ku fara tambayar wane keke gare ta. Keken gida, irin su Butterfly da Singer baƙin kai da na lantarki ƙanana, suna cin allura mai gindi da gefe ɗaya a shafe, wadda ake rubuta wa 130/705 H ko HAx1. Babban keken shago mai gudu, irin su Juki na miƙaƙƙen ɗinki, yawancinsu mai zagayayyen gindi suke ci, DBx1. In aka aiko da wadda ba ita ba, kuɗi sun tafi a banza.

A rage wa yadin kaki

Ku shafa yadin da hannu. In kun ji santsi kamar na kyandir, ko kuka kankara da farce kuka ga fari-fari, akwai sauran kaki. Allura tana zafi in keke na gudu, kaki kuma ba ya buƙatar wuta mai yawa: na zuma yana narkewa a wajen digiri 62 zuwa 64, na kyandir ma bai kai haka ba sau da yawa. Sai ya narke ya bi allura, ya toshe ido da kwarin zare.

Maganin shi ne a wanke yadin da ruwan zafi da sabulu tun kafin a yanka, a ɗauraye har ruwan ya fita garau, a shanya a inuwa. Kowane launi a wanke shi daban. Wankin nan yana da riba uku: kaki ya ragu, rinin da zai zuba ya zuba tun yanzu maimakon ya ɓata farin ƙyallen da ke kusa da shi bayan an gama bargo, yadin kuma ya gama tsukewarsa. In da sauran kaki, a sa yadin tsakanin takardu marasa rubutu a bi da dutsen guga. Takardar za ta shanye shi. Jarida ba ta dace ba, tawadarta na iya kama yadi.

Shadda kam a yi hattara. Wanki yana kashe mata ƙyalli, don haka kada a jiƙa ta sai da yardar mai kaya. A nan sai dai a riƙa tsayawa lokaci-lokaci ana goge allura da ɗan ƙyalle da aka ɗiga wa alkol na kemis.

Zare da matsinsa

Zaren da ya daɗe a rana ko a kan taga yana shan ƙura yakan bushe ya yi rauni. Ku ja shi da hannu biyu. In ya tsinke ba gardama, ba na wannan aiki ba ne. Zare mai gashi-gashi da ƙulle-ƙulle shi ma matsattsen yadi zai yage shi. Siririn zare mai santsi, kamar wanda ake rubuta wa 40/2 a jikin ƙunshinsa, ya fi mai kauri shiga batik. Kuma ya fi kyau zaren sama da na ƙasa su zama iri ɗaya.

Sannan a zare zaren gaba ɗaya a sake zura shi daga farko, ƙafar danne yadi tana sama. Dalili: sai ƙafar tana sama ne faya-fayan da ke matse zare suke buɗewa, zaren ya shiga tsakaninsu. In aka zura tana ƙasa, zaren yana kwance a waje, ba matsi ko kaɗan, sai ƙasan aikin ya cika da tulin zare. Mutane da yawa in sun ga cukurkuɗe a ƙasa sai su hau kwance ƙoshiya, wato gidan kwarkwaro, alhali laifin na zaren sama ne.

Don gane inda matsalar take, ku haɗa ɗan gwaji da ragowar yadin nan da kuke aiki da shi, hawa uku kamar yadda bargon yake. Gwaji a kan wani tsumma daban ba zai gaya muku gaskiya ba. Ku sa jan zare a sama, fari a ƙasa, ku yi layi biyu ko uku, ku duba:

In farin ya leƙo sama ɗigo-ɗigo, zaren sama ya matse da yawa. A sassauta shi kaɗan.

In jan ya fito ƙasa yana madaukai, zaren sama ya yi sako-sako ko bai shiga faya-fayansa ba. A sake zurawa, sannan a ƙara matsi.

In yadin ya tattare a kan layin ɗinki, duka biyun sun yi tsauri, ko ɗinkin ya yi ƙanana da yawa.

Abin da ake nema shi ne ƙullin ya ɓuya a tsakiya, cikin audugar ko soson. A riƙa juya maɓallin kaɗan-kaɗan, a gwada, a sake. Na ƙasa kuwa ba a taɓa shi sai na sama ya gagara. Gwajinsa: ku riƙe bakin zaren, ku bar ƙoshiya da kwarkwaro a ciki tana lilo. Ya kamata ta tsaya, in kun ɗan girgiza hannu ta sauka kaɗan ta sake tsayawa. In ta zube ƙasa, ta yi sako-sako. In ko motsi ba ta yi, ta matse. Akwai ɗan ƙaramin ƙusa a jikinta da ake murzawa: dama ƙara matsi, hagu sassautawa. Kada a wuce rubu'in zagaye a murɗa ɗaya, kuma a yi a kan faranti, don in ƙusan nan ya faɗi cikin yashi sai dai haƙuri.

Wani abu da ya kamata a sani: a kan batik zare ba ya nutsewa cikin yadi kamar yadda yake yi a kan mai laushi, a sama yake kwanciya. Saboda haka ƙaramin kuskure ma yana fitowa fili. In kun yi iya ƙoƙarinku amma ɗigon bai ɓace sarai ba, ku sa launi ɗaya sama da ƙasa, ido ba zai kama shi ba.

Tsawon ɗinki, danni da gudu

Don bin hawa uku, tsawon kowane ɗinki ya kai milimita 2 da rabi zuwa 3. Ƙananan ɗinki a kan matsattsen yadi suna jera ramuka kusa da kusa har yadin ya yi rauni ya yage a kan layin.

Haƙoran keke suna jan hawan ƙasa, ƙafa kuma tana danne na sama tana tura shi baya. Shi ke sa a kai ƙarshen layi a tarar da sama ya fi ƙasa tsawo, ko ya yi tattara. In keken yana da wurin rage dannin ƙafa, galibi a samansa ta hagu, a rage kaɗan. Amma kada a sassauta har yadi ya riƙa ɗagowa da allura, don tsallake zai dawo. Akwai wata ƙafa mai nata haƙoran da ke jan sama daidai da ƙasa. Masu keken lantarki na gida in sun samu, tana sauƙaƙa aikin ƙwarai. Haka kuma farantin da allura ke shiga: mai ɗan zagayayyen rami ya fi mai faɗin rami na zigizag riƙe yadi.

Kafin a hau keke, a shimfiɗa hawa ukun a kan tabarma, a miƙe su, a kama su da manyan ɗinkin hannu ko alluran riƙe yadi, tazarar kamar faɗin tafin hannu. A fara ɗinki daga tsakiya a nufi gefe. Nauyin bargon kuma kada a bar shi yana rataye a bakin tebur, don yana jan allura ya lanƙwasa ta ta kauce wa ƙugiya. A jawo wani tebur ko kujera a ɗora. Hannu aikinsa shiryar da yadi ne, ba ja ba.

Sai gudu. Sannu ba ta hana zuwa. Mai keken ƙafa ya riƙe taku ɗaya, mai na lantarki ya rage wuta. Masu yin zanen fure da lanƙwasa, waɗanda ke sauke haƙora su juya yadi da hannu, su lura da kwana: in hannu ya fi keke sauri a kan lanƙwasa, zare zai fito ƙasa kamar gashin ido. A rage saurin hannu a wurin.

Abin da aka sa a tsakiya shi ma yana da tasiri. Siririn soso ko tsohon bargo mai laushi sun fi sauƙin bi. Soso mai kauri yana sa yadi ya riƙa tsalle ƙarƙashin ƙafa. Audugar rimi kuwa, duk da daɗinta a matashi, tana gudu ta taru wuri ɗaya, ba ta son keke.

Ƙurar hunturu da mai

A ƙasarmu ƙura abokiyar zama ce, balle lokacin hunturu. Tana haɗuwa da gashin zare da kaki ta daskare tsakanin haƙora da kewayen ƙugiya. A cire farantin allura, a share da ɗan burushi, a duba tsakanin faya-fayan matse zare ko wani guntun zare ya maƙale. Sannan a ɗiga man keke, ɗigo ɗaya ko biyu, a inda ƙugiya ke zagayawa. Man keke fa muka ce, fari mai ruwa-ruwa. Man gyaɗa yana daskarewa ya zama danƙo, baƙin man mota kuma ya yi kauri, ga ɓata kayan mutane. Bayan an sa mai, a yi ɗinki a kan tsumma tukuna har ya daina fitowa. In an tashi aiki a rufe keke da zane.

Yaushe za a kira makaniki?

In an sa sabuwar allura da ta dace, an wanke yadi, an sake zura zare, an share keke, amma har yanzu yana tsallake ko a kan atamfa hawa biyu, to matsalar ta koma ciki. Wataƙila lokacin haɗuwar allura da ƙugiya ya goce, abin da yakan faru bayan allura ta karye da ƙarfi ko ta daki ƙarfe. Wataƙila kuma bakin ƙugiyar ko ramin faranti ya sami kaushi yana yanke zare; in kun bi da farce za ku ji shi. Wannan aikin mai gyara ne. In za ku je, ku tafi da ƙyallen gwajin nan mai hawa uku, ya gwada a gabanku kafin ku biya.

Shawararmu ta ƙarshe ita ce a riƙa canza abu ɗaya a lokaci ɗaya. Wanda ya canza allura, ya murɗa matsi, ya kwance ƙoshiya duk a tashi guda, ko ɗinkin ya gyaru ba zai san abin da ya gyara shi ba. In kun dace da saiti mai kyau, ku rubuta lambar allura, irin zare da tsawon ɗinki a jikin ƙyallen gwajin da biro, ku rataye a shago. Ran da wani batik ya sake zuwa, daga nan za ku fara.

Teloli da masu gyaran keke da ke da wata dabara da suka gwada ta yi aiki, ƙofar gidan rediyonku a buɗe take, ku kawo mu isar wa sauran ƴan uwa. Allah ya sa albarka a sana'a, ya ba da kasuwa mai amfani.